Lambar Khairiyya a Gaban Manya

Lambar Khairiyya tana da alƙaluma talatin da tara. Ta fara da ɗari da saba'in, ta ƙare da ɗari bakwai da ashirin da bakwai, kuma duk tsawon nan nata babu lambar da za ta raba ta daidai, in ba ɗaya ba ko ita kanta. Irin waɗannan lambobi su malaman jami'a ke kira nombre premier da Faransanci. A gida kuwa Gwaggo Tasalla, yayar babanta, ta raɗa mata suna Gagara-raba. Sunan ya bi Khairiyya har shagon shinkafa da sukari na mahaifinta, Alhaji Siddiq, a bakin titin Koudoukou, inda take zuwa cajin kwamfuta in wuta ta ɗauke a gida. Da ta shigo 'yan dako za su ɗauka, "Malama, ya Gagara-raba? Har yanzu ba ta yi laushi ba?" Sai ta yi murmushi ta shige bayan buhuna.

A kan wannan lamba ta rubuta kundin kammala digirinta na lissafi. Abu guda ya rage, ta tsaya gaban malamai uku ta kare abin da ta rubuta, abin da ake kira soutenance. Kowa ya san za ta ci, ita ma ta sani. Abin da ke hana ta sakat shi ne kujera guda da wata makarantar lissafi ta Senegal ke bai wa sashensu duk shekara, karatu da ɗaki da abinci kyauta, kuma wanda ya fi maki a ranar karewa shi ake ba. Makarantar tana da iyakar shekaru. Rikicin Bangui ya riga ya cinye wa Khairiyya shekarun da yaran unguwarsu, Kilomita Biyar, ba sa iya fita daga unguwa su je makaranta, ta zauna a gida tana girma, ajinta na tafiya ya bar ta. Bana ce damarta ta ƙarshe. Baɗi ko da wace lamba ta zo, takardar haihuwarta za a fara dubawa.

Gwaggo Tasalla ce kaɗai a gidan ta taɓa tambayar ta mene ne a cikin lambar. Suna tsakar gida ne da hantsi, Gwaggo na tsintar shinkafa a faranti.

"Ke Farfesa, duk lambobin Allah da ke duniya me ya kai ki ga wannan mai kama da jerin tururuwa?"

"Asalinta, Gwaggo." Khairiyya ta ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya ta ajiye a kan tabarma. "Ki ninka wannan, ta zama biyu. Ki sake ninkawa, huɗu. Ninki biyu ke nan. Cire ɗaya, saura uku. Uku ba ta rabuwa. To yanzu ki yi ninki uku, takwas ke nan, cire ɗaya, bakwai. Ita ma ba ta rabuwa. Ninki bakwai, cire ɗaya, ɗari da ashirin da bakwai. Haka ita ma. In kika yi ninki ɗari da ashirin da bakwai kika cire ɗaya, kin zo kan tawa."

"Ba da shinkafata ba dai."

"Shinkafar duniya kaf ba ta isa ba."

Gwaggo ta dakata da tsintar, ta yi nazari. "Ashe 'yar dangi ce. Biyu ta haifi uku, uku ta haifi bakwai, bakwai ta haifi waccan, waccan ta haifi taki. To ai dole ta yi taurin kai, gado ta yi."

"A'a, Gwaggo, ba dole ba ne. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Sha ɗaya ma ba ta rabuwa, amma 'yarta, dubu biyu da arba'in da bakwai, tsaf take rabuwa. Ashirin da uku sau tamanin da tara ce. Shi ya sa sai an gwada kowace ita kaɗai, ba a yi mata shaida da uwarta."

"Kamar gidan Malam Ya'u ke nan," in ji Gwaggo. "Uba ba ya fashin sahun gaba, ɗa kuwa sai a mashaya ake samunsa. Kwashe mini shinkafata daga ƙasa."

A duk faɗin gidan, Gwaggo ce kaɗai babbar da Khairiyya ke iya ce wa a'a, shi ma sai a tsakar gida, in babu namiji kusa. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa wa Khairiyya, don haka Alhaji bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Kuma in ana hirar 'ya'ya a ƙofar masallaci, abin da yake fara faɗa game da ita, tun kafin ya kai ga jami'a, shi ne tun da aka haife ta ba ta taɓa mayar wa babba magana ba.

Malamin da ya duba mata kundin, Dokta Luqman, haifaffen Bangui ne, Sango ce harshensa, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, amma ya san gidajen Kilomita Biyar sarai. Ya kira ta ofis ana saura mako guda.

"Tsohon Farfesa ne zai shugabanci alƙalanki," ya ce mata da Faransanci. "Mutumin kirki ne, amma yana da wani hali. Yakan faɗi abin da ba daidai ba, fuskarsa a sake kamar gaskiya yake faɗa, don ya ga ko ɗalibi zai tsaya wa aikinsa. In ya yi miki haka, ki ɗaga kai ki ce masa a'a. Kin ji ni? Da ƙarfi, yadda na bayan aji zai ji."

"Na ji, Dokta."

"Ga shi ko yanzu takalmina kike gaya wa."

Ta ɗago kai da kyar, ya yi dariya.

Ita da Prisca suka yi ta gwaji a kan bencin da ke ƙarƙashin mangwaro a bayan sashen. Prisca ce ɗaya ɗalibar da ke neman kujerar Senegal, ita ce kuma ƙawarta tun shekarar farko. Prisca ta ɗauko biro ta maƙala a kan leɓe ya zama gashin baki, ta kumbura murya. "Mademoiselle, goma sha biyar ba ta rabuwa. Kin yarda?"

"A'a, Farfesa."

"Ita, wannan a'a ɗin taki ko sauro ba zai kora ba," in ji Prisca. Ita, a bakin masu Sango, 'yar'uwa ke nan. "Sake. Ina so in kayar da ke, amma ba na son a ce bebiya na kayar."

A hankali abin ya zauna a bakin Khairiyya. Ta lura cewa a jami'a a'a ba ta da nauyin da take da shi a gida. A can babu wanda ya san 'yar wane ce ita, Farfesa kuma baƙo ne, tsoho ne kawai mai tabarau da ke wucewa a baranda. Saboda haka ta yanke shawarar ba za ta gaya wa kowa ranar a gida ba. Za ta fita da safe kamar kullum, ta dawo da labari.

Ta manta da kasuwa. Mahaifiyar Prisca na sayar da ganyen rogo a bakin kasuwar Kilomita Biyar, Gwaggo Tasalla kuwa abokiyar cinikinta ce.

Ranar Laraba da safe Khairiyya ta fito daga ɗaki da jakarta, ta tarar da tsakar gida cike da mata cikin anko, atamfa shuɗiya mai zanen ganye. An girka tukwane uku, rago na ɗaure a jikin gwaiba. Mahaifiyarta ta miƙo mata nata ɗinkin a ninke.

"Munafuka," in ji Gwaggo, tana ɗaura kallabi. "Sai a bakin mai ganye zan ji ranar saukar 'yata? Kin ɗauka mu 'yan ƙauye ne, za mu ba ki kunya?"

"Ba haka ba ne, Gwaggo. Ba biki ba ne, jarrabawa ce."

"Iyayen Kirista na zuwa, har da fure. Mu ne marasa ƙafa?"

Alhaji Siddiq ya fito cikin babbar riga fara, yana ƙamshin turare. Ya rufe shago. Ban da Juma'a da Idi da kwanakin harbe-harbe, Khairiyya ba ta taɓa ganin shagon nan a rufe ba. Ya dube ta, bakinsa har kunne. "Uwata, kin shirya? Masu taksi-moto na jira."

Ta ce, "Na shirya, Baba."

Suka bi titin Koudoukou a jere, mashinan na kauce wa ramukan da ruwan daren jiya ya cika da jan laka. Alhaji na gaba, ya tattare rigarsa a cinya. Tun bayan rikici ba kasafai yake tsallakowa ɓangaren garin da jami'a take ba, Khairiyya ta ga yadda yake ta waige-waige, yana nuna wa mai mashin wuraren da shagunan abokansa suke a da. Tana baya tana lallashin kanta. Za su zauna a baya ne. Ba sa jin Faransancin lissafi. Allo za ta kalla.

A ƙofar ɗakin taron suka haɗu da Farfesa, yana tafe da sanda, kansa fari fat. Alhaji ba ya wuce tsoho bai gaishe shi ba. Ya tare shi da hannu biyu, ya gaishe shi da Sango, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa kamar yadda ake yi.

Farfesa ya tsaya cak. "Mahmudu? Mai shago a unguwar Miskine, kusa da famfo?"

"Shi ne mahaifina."

"Kai!" Tsohon ya cire tabarau. "A barandar shagonsa na yi karatun sakandare. Gidanmu babu fitila. Shi yakan bar tasa a kunne a waje saboda mu, mu uku, har mu gama. Bai taɓa ce mana mu tashi ba. Allah Ya ji ƙansa."

Idanun Alhaji suka kawo ruwa. Shagon Miskine an ƙone shi tun a rikici, ba ya ma son a ambace shi, ga wani ya tuna da fitilarsa. Ya riƙe hannun Farfesa bai saki ba, ya waiwayo.

"Uwata, zo nan. Durƙusa ki gai da babanki."

Ta durƙusa a kan simintin baranda, ɗalibai na wucewa suna kallo.

"Wannan jikar Mahmudu ce," Alhaji ya faɗa da harshen Sango. "Daga yau 'yarka ce, na ba ka. In ta yi ba daidai ba ka tsawata mata, ba sai ka tambaye ni ba."

"Tashi, tashi, 'yata," in ji Farfesa, yana dariya cikin jin nauyi. "A ciki dai alƙali nake, ka sani."

"Uba ai shi ne alƙali," in ji Alhaji. Da tsohon ya shige, ya sunkuyo ya ce mata da Hausa, a hankali, "Kin ga ikon Allah? Na gyara miki hanya. Mutumin nan a gaban kakanki ya tashi. Yadda kika ɗauke ni haka za ki ɗauke shi."

Ba a baya suka zauna ba. Farfesa da kansa ya sa aka ba Alhaji kujera a sahun gaba, dab da teburin alƙalai, matan anko suka cika layi biyu a bayansa. Prisca, wadda ta kare nata tun jiya ta samu bien, wato da kyau, tana can gefe kusa da taga. Ta ɗaga wa Khairiyya babban yatsa. Sama da bien mataki ɗaya ne kawai, très bien, kuma shi Khairiyya ke bukata.

Da ta juya ga allo, tsoron ya sake ta. Ta rubuta lambar daga farko har ƙarshe ba ta duba takarda ba, matan anko suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Ta nuna gidan da lambar ta fito, dangin Mersenne, waɗanda ake samu in an yi ta ninka biyu aka cire ɗaya. Ta nuna cewa a cikin dangin ma tana cikin 'yan ƙalilan da uwarsu ita ma 'yar gidan ce. Ta nuna cewa in aka raba ta da huɗu saura uku ke ragewa, don haka ba za a taɓa samun ta ta hanyar haɗa murabba'i biyu ba, wato lambobi biyu, kowace sau kanta. Ta nuna yadda take a rubutun kwamfuta, ɗaya ce kawai a jere har sau ɗari da ashirin da bakwai, babu sifili ko guda. Ta bi gwajin da aka tabbatar da ita da shi tun ƙarni na sha tara, da hannu, babu na'ura, mataki bayan mataki. A ƙarshe ta ce 'yar da wannan lamba za ta haifa, in aka ci gaba da jerin, har yau babu wanda ya san ko tana rabuwa. Dokta Luqman na ta gyaɗa kai yana kallon rufi.

Alƙali na biyu, wani matashi mai nakatai ɗaure a wuya, ya yi tambayoyi biyu, ta amsa. Sai Farfesa ya rufe kundin, ya ɗora hannu a kai.

"Aiki mai tsabta, 'yata," ya ce. "Amma kin wahalar da kanki a banza. Duk wannan dogon gwaji na mene ne? Ɗari da ashirin da bakwai ba ta rabuwa. Kuma sananne ne, duk lokacin da adadin ninkin bai rabuwa, abin da ya fito ma ba zai rabu ba. Layi ɗaya ya isa. Ko ba haka ba?"

Ga shi nan, a fili, ko ɓoye shi bai yi ba. Amsar na kan harshenta tun kafin ya rufe baki. Sha ɗaya. Tana shafi na tara na kundin da hannunsa ke kai. Ta buɗe baki, ta ɗago kai kamar yadda aka koya mata, sai idonta ya sauka a kan mutum biyu a lokaci guda, don kujerunsu na kusa: farin kan Farfesa, da fuskar babanta. Alhaji ya karkato gaba, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon tsohon da irin kallon da yake yi wa liman in yana huɗuba.

Tsohon da ke wucewa a baranda, wanda ta yi mako guda tana koyon ce wa a'a, babu shi a ɗakin. Wanda ke zaune a wurinsa ta durƙusa masa ɗazu, ƙurar simintin na nan a gwiwar zanenta. Ta ji yadda abin zai fito: jikar Mahmudu, a gaban ubanta, a gaban matan unguwa, ta ce wa mai furfura bai san abin da yake faɗa ba. Ko ba su ji Faransancin ba, za su ji a'a. Kowa ya san a'a.

Kanta ya koma ƙasa da kansa.

"Haka ne, Farfesa."

Dokta Luqman ya daina kallon rufi.

Farfesa ya gyara zama. "Ki saurare ni da kyau. Na ce duk lokacin. Babu togiya ko ɗaya. Kin yarda da wannan?"

Yana buɗe mata ƙofa ne, ta sani. Ta nemi wata hanya ta tsakiya, irin wadda mata ke bi a gida in miji ya yi kuskure a gaban baƙi, a ce wataƙila ni ce ban fahimta ba, a bar shi ya gano da kansa. "Farfesa ya fi ni sani," ta ce.

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Fankar rufi na juyawa. Wani jariri a layin anko ya fara kuka, aka toshe masa baki da nono. Daga wajen taga ta ji Prisca ta yi tari, tarin da ba na mura ba.

"Mademoiselle," in ji Farfesa, yanzu babu 'yata, "wannan shi ne karo na ƙarshe. Abin da na faɗa, daidai ne ko kuskure?"

Ta dubi babanta ta gefen ido. Ya gyaɗa mata kai, a hankali, yana murmushi, kamar mai cewa yi biyayya, Uwata, ina nan.

"Daidai ne, Farfesa."

Tsohon ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya dafa sanda ya miƙe, ya zo ya karɓi allin daga hannunta. A ƙarƙashin doguwar lambarta ya rubuta dubu biyu da arba'in da bakwai, ya rubuta ashirin da uku sau tamanin da tara, ya ja layi. Ya koma ya zauna. Alhaji ya waiwaya ya dubi matan, yana nuna allon da haɓa, su ga yadda babban malami ya taso da kansa don ya ƙara wa 'yarsa ilimi.

"Abin mamaki," in ji mai nakatai, yana buɗe kundin, "wannan misalin yana nan a shafi na tara. Ko dai haddace aikin aka yi, kamar yadda aka saba haddacewa a can wajensu, ko kuma wani ne ya rubuta."

"Ita ta rubuta," in ji Dokta Luqman da zafi. "A gabana."

"To me ya hana ta faɗa?"

Khairiyya na tsaye, farin alli a yatsunta.

Aka fitar da kowa, alƙalai suka yi shawara, aka dawo da su. Kowa ya miƙe tsaye. Farfesa ya karanta sakamakon ba tare da ya dube ta ba: an karɓi kundin, ta ci, da assez bien. Mataki ɗaya ƙasa da Prisca. Gwaggo Tasalla ta ga alƙalai na tafi, ta rangaɗa guɗar da ta sa ɗaliban wasu azuzuwa leƙowa. Mata suka rufe Khairiyya da runguma da turare. Ta saman kafaɗunsu ta hango Prisca a bakin ƙofa, ta rufe baki da hannu, tana kuka. Dokta Luqman ya wuce ta gefensu da takardu a hammata, ya ce mata da harshen Sango, can ƙasa, "Na gaya miki," bai tsaya ba.

A gida aka yanka ragon. Aka shimfiɗa tabarmi har waje, 'yan kasuwa suka zo, liman ya yi addu'a. Khairiyya na zaune a ɗaki cikin mata, an ajiye mata faranti a gaba, tana jiyo muryar babanta ta taga yana bai wa kowane sabon baƙo labari daga farko.

"Sau uku yana ja da ita, wallahi, yana so ya ga tarbiyyarta. Sau uku! Ko ɗaga ido ba ta yi ba. Na ce to, boko bai ɓata mini ita ba."

"Ma sha Allah," in ji baƙin. "Ai gida ne."

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, ya aiko a kira ta. Yana zaune a falonsa, ya cire babbar rigar. A gabansa akwai sabuwar akwati mai taya, ja, ko ledarta ba a cire ba.

"Tun watan jiya na sa Abdulgani direba ya taho mini da ita daga Duwala, na ɓoye a shago," ya ce. "An ce Senegal akwai sanyin teku, sai a ɗinka miki masu kauri. Yaushe ne tafiyar?"

Ta durƙusa a bakin ƙofa. "Babu tafiya, Baba. Prisca aka ba."

"Ba kin ci ba?"

"Na ci. Ta fi ni maki."

"A ina ta fi ki?"

Ta gaya masa, kanta a ƙasa, a taƙaice. Abin da Farfesa ya faɗa kuskure ne, da gangan ya faɗa, so yake a ce masa kuskure ne. Wannan ita ce jarrabawar.

Alhaji ya shafa ledar akwatin.

"Ke kin san kuskure ne?"

"Na sani."

"Tun a lokacin?"

"Tun kafin ya gama faɗa."

"Ikon Allah." Ya girgiza kai. "Wane irin tsoho ne zai sa yarinya ta ƙaryata shi a bainar jama'a? Wannan ba tsari ba ne." Can sai fuskarsa ta washe. "To ai abin mai sauƙi ne, Uwata. Kin yi naki, kin rufa masa asiri a gaban mutane. Saura nawa. Irin wannan a gida ake gyara shi, tsakanin manya. Gobe zan je in same shi in ce masa yarinyar nan ta sani, kunya ce ta hana ta. Mutumin da ya yi karatu da fitilar babana ba zai mayar da ni ba."

An riga an sa hannu, su ukun, a gabanta. Sunan Prisca zai tafi Senegal kafin ƙarshen mako, kuma ko da ana iya janye shi, ba ta ga da wane ido za ta kalli Prisca ba. Duk wannan na bakinta.

"To, Baba," ta ce.

Washegari da hantsi ya sake sa farar rigar. Rana ta biyu ke nan shagon na rufe. Ya sa aka ɗaura ƙaramin buhun shinkafa mai ƙamshi a bayan taksi-moto, ya riƙe ƙullin goro a hannu. Bai san gidan Farfesa ba, ya ce zai tambaya a jami'a, ai ba a rasa wanda ya sani. Hadari na haɗowa ta wajen kogi.

"Ki cire wa akwatin leda, ki fara shiri," ya ce mata daga kan mashin.

Tana tsaye a bakin zaure. Mai mashin ya tayar, suka fita layin suka hau titi, farar rigar na kumbura da iska a bayansa, har motocin kaya suka shiga tsakani.